Yadda Ake Neman Aikin Bincike na Bayan Digirin Digirgir a Jami'ar Fasaha ta Danmak

Wanda ya kammala digirin digirgir a injiniyanci, ko ilimin kwamfuta, ko makamashi, ko kimiyyar muhalli, yana da damar neman aikin bincike na 'yan shekaru a manyan jami'o'in fasaha na Turai, aikin da ake tallatawa da sunan Postdoc. Wannan jagora ta ɗauki jami'a guda ta bi ta daki-daki, wato Jami'ar Fasaha ta Danmak da aka fi sani da DTU, domin bayani a kan wuri ɗaya ya fi amfani a kan bayanin da ya taɓo ko'ina bai tsaya ko'ina ba. Mafi yawan abin da za a faɗa a nan zai yi aiki a takwarorinta na arewacin Turai, irin su KTH da Chalmers a Suwidin, da NTNU a Norwe, da Aalto a Finlan, waɗanda suke ƙawance ɗaya da DTU mai suna Nordic Five Tech.

Abin da ya kamata ya fara zama a zuciyar mai nema shi ne cewa wannan gurbi aiki ne na albashi, ba tallafin karatu ba ne, kuma ba taimako ba ne da ake yi wa masu ƙaramin ƙarfi. Akwai farfesa da ya rubuta buƙatar kuɗi ga wata gidauniya, ya yi alkawarin zai warware wata matsala a cikin shekara biyu ko uku, aka ba shi kuɗin, yanzu kuma yana neman ƙwararren da zai zo ya kama aikin ba tare da an sake koya masa daga tushe ba. Duk wani mataki da ke ƙasa ya rataya ne a kan wannan, kuma yawancin takardun da ake watsarwa tun a zagayen farko an rubuta su ne kamar ana roƙon gurbin karatu.

Sanin wurin da inda kuɗin yake fitowa

An kafa DTU a 1829, kuma wanda ya jagoranci kafa ta shi ne Hans Christian Ørsted, masanin da ya gano alaƙar wutar lantarki da maganaɗisu. Babbar harabarta tana Kongens Lyngby, arewa da birnin Kwapanhagan, tana kuma da wata harabar a Risø kusa da Roskilde inda binciken makamashin iska ya yi ƙarfi. Sassanta suna ɗauke da gajerun sunaye kamar DTU Wind, da DTU Energy, da DTU Compute, da DTU Sustain, da DTU Aqua, da DTU Food, kuma sashen ne yake ɗaukar mutum aiki, shi ya sa sanin sashen da ya dace da kai ya fi sanin tarihin jami'ar baki ɗaya muhimmanci.

Kuɗin irin waɗannan gurabe yakan fito ne daga waje: gidauniyar Villum, ko gidauniyar Novo Nordisk, ko ta Carlsberg, ko asusun bincike mai zaman kansa na ƙasar, ko shirin Horizon Europe na Tarayyar Turai, ko kuma wani kamfani da yake haɗin gwiwa da sashen. Wannan ne ya sa kowane gurbi yake zuwa da wa'adinsa, galibi shekara ɗaya zuwa uku, kuma tsarin aikin jami'o'in ƙasar bai yarda mutum ya wuce shekara huɗu a wannan matsayi a jami'a guda ba. Wanda yake shirin tafiya da iyali ya lura da tsawon wa'adin tun kafin ya fara rubutu, domin gurbin wata goma sha biyu yana iya ƙarewa kafin yara su saba da makaranta.

Neman tallan gurbi da yadda ake karanta shi

Ana sanya dukkan gurabe a shafin ayyuka na jami'ar a intanet, kuma ana iya tace su ta hanyar rubuta Postdoc a wurin bincike. Da yawa daga cikinsu suna fitowa a EURAXESS, dandalin ayyukan bincike na Tarayyar Turai, sannan shugabannin ƙungiyoyin bincike sukan yaɗa nasu a LinkedIn. Babu kuɗin da ake biya don neman aiki a DTU, kuma babu dillali a tsakani, saboda haka duk wanda ya ce a turo masa wani abu zai sama maka gurbi, ɗan damfara ne.

Tallan yakan zo da tsari iri ɗaya: bayanin aikin, sannan nauyin da za a ɗora maka da ƙwarewar da ake nema, sannan sharuɗɗan albashi, da sunan wanda za a tuntuɓa, da ranar rufewa. Sashe na biyu shi ne wurin da za ka zauna da biro. Ka raba abubuwan da aka lissafa gida biyu, waɗanda aka ce dole ne da waɗanda aka ce samunsu ƙari ne, sannan a gaban kowane na dole ka rubuta hujjarka: wace maƙala ce ta nuna ka iya, wane babi ne na kundin digirinka, wace na'ura ce ka taɓa sarrafawa da hannunka. Idan an lissafa abubuwa biyar na dole, ka samu hujjar huɗu, gurbin ya cancanci wahalarka. Idan kuwa biyu kawai ka samu, gara ka adana ƙarfinka, domin aika takardu talatin ga gurabe da ba su dace ba bai kai aika guda uku da aka yi musu shiri na gaske ba.

A ɗauki misali: an tallata gurbi a kan hasashen ƙarfin iska a wurare masu tuddai, ana neman wanda ya iya lissafin motsin iska da kwamfuta, ya kuma ƙware a Python, wato yaren rubuta manhajar kwamfuta. Mai nema ya yi digirinsa a kan sanyaya allunan hasken rana, amma ya yi amfani da irin wannan lissafi na motsin iska da zafi, ya kuma wallafa maƙala biyu a kai. Wannan mutum ya dace, ko da bai taɓa tsayawa a gindin injin iska ba, domin dabarar aikin ake saya. Wani kuma ya rubuta kundi sukutum a kan manufofin gwamnati game da makamashin iska amma bai taɓa rubuta layin lissafi ba. Shi bai dace ba, duk da kalmar iska ta cika takardunsa.

Bayan ka tabbatar ka dace, sai ka shiga DTU Orbit, rumbun da jami'ar take ajiye bayanan wallafe-wallafen ma'aikatanta, ka nemo sunan farfesan da ke cikin tallan, ka karanta maƙaloli uku ko huɗu na baya-bayan nan da ƙungiyarsa ta fitar. Ka fi mai da hankali ga ƙarshen kowace maƙala, inda marubuta suke faɗin abin da aikinsu bai kai gare shi ba, domin sau da yawa gurbin da aka tallata an buɗe shi ne don cike wannan giɓin.

Ana iya rubuta wa farfesan kafin a nema, tunda an sa adireshinsa ne don haka, amma sai in akwai tambaya ta gaske. Saƙon ya zama layi biyar ko shida: wane ne kai, me ka yi digiri a kai, da tambayar da ta shafi aikin, misali ko gwaje-gwajen za a yi su ne a ɗakin bincike ko da bayanan da aka riga aka tara. A wurinmu doguwar gaisuwa ladabi ce, amma a can wanda ya buɗe saƙo ya ga sakin layi biyu na yabo da fatan alheri kafin a zo ga magana, yakan ɗauka saƙon gama-gari ne da aka aika wa mutum ɗari. Kuma ka sani cewa aika masa takardunka ta imel ba ya zama nema. Sai wanda ya shiga ta shafin jami'ar ake dubawa.

Haɗa takardu

DTU takan buƙaci a haɗa komai cikin fayil ɗaya na PDF da Turanci: wasiƙar neman aiki, da takardar tarihin karatu da aiki wato CV, da shaidar digiri na biyu da na uku, da jerin wallafe-wallafe. Wani tallan yakan ƙara neman taƙaitaccen tsarin bincike ko sunayen masu ba da shaida, don haka jerin da ke cikin tallan da ke gabanka shi ne abin bi.

Wasiƙar ita ce ta fi cin lokaci, kuma bai kamata ta wuce shafi ɗaya zuwa ɗaya da rabi ba. Sakin layi na farko ya ambaci gurbin da sunansa, ya faɗi a jimla biyu dalilin da ya sa kai ne ka dace. Na biyu da na uku su ɗauko waɗancan hujjoji da ka rubuta a gaban sharuɗɗan dole, kowace da sakamakonta a fili: ka gina na'urar gwaji kaza, ka auna abu kaza, sakamakon ya fito a mujalla kaza a shekara kaza. Na ƙarshe ya nuna ka karanta aikin ƙungiyar, ya kawo shawara ɗaya a kan inda za ka fara idan an ɗauke ka. Kalmomi irin su ƙwazo, da gaskiya, da riƙon amana, da iya zama da mutane, kowa yana rubuta su, saboda haka ba sa bambanta kowa. Haka nan labarin wahalar da aka sha kafin a yi karatu, ko matsalar wutar lantarki a ƙasarmu, ba su da gurbi a nan sai in aikin da kansa ya shafi wannan. Akwai wurin da yanayin gida yake zama ƙarfi: wanda ya tara bayanan ƙurar hunturu da tasirinta a kan allunan hasken rana a Kano ko Damagaram, ko ya auna ingancin ruwan rijiyoyin burtsatse na tsawon shekaru, yana riƙe da abin da mai bincike a Lyngby ba zai samu a saukake ba, kuma ya dace ya faɗe shi a matsayin kadarar bincike.

Takardar CV irin wadda aka saba miƙawa a jami'o'in Najeriya tana buƙatar aski sosai. A cire jihar asali, da ƙaramar hukuma, da addini, da yawan 'ya'ya, da makarantar firamare, da jerin kwamitocin sashe da aka zauna a ciki, irin su kwamitin jarrabawa da na walwala. Abin da mai dubawa yake nema shi ne taken kundin digirinka da sunan wanda ya duba ka, da dabarun da ka iya, da manhajoji da na'urorin da ka yi aiki da su, da kuɗin bincike da ka taɓa samowa ko da kaɗan ne, da ɗaliban da ka duba, da tarukan da ka gabatar da aiki. Shafi biyu zuwa uku sun wadatar.

Jerin wallafe-wallafe kuwa a nan ne mutanenmu da yawa suke cutar kansu ba su sani ba. Tsarin ƙarin girma a jami'o'inmu ya saba wa malamai da ƙirga yawa, har mutum ya tara maƙala arba'in, rabinsu a mujallun da suke karɓar kuɗi su buga cikin mako guda ba tare da wani masani ya duba ba. Mai tantancewa a DTU ya san waɗannan mujallu da ganin sunansu, kuma ganinsu yana sa shi shakkar sauran aikin mai kyau. A ganina maƙala huɗu a mujallun da manyan rumbunan tantance mujallu, wato Scopus ko Web of Science, suka amince da su, waɗanda kai ne marubuci na farko a biyu daga ciki, sun fi waccan arba'in ɗin nauyi nesa ba kusa ba. Ka raba jerin kashi-kashi: maƙalolin mujallu da masana suka duba a sama, na taruka a ƙasa, waɗanda aka miƙa ba a kai ga karɓa ba a ware su a faɗi matsayinsu da gaskiya. Ka sa lambar DOI, wato lambar da ake gano maƙala da ita a intanet, a gaban kowace, ka buɗe ORCID, wato lambar shaidar mai bincike, da shafin Google Scholar, ka tabbatar abin da ke can ya yi daidai da abin da ke takarda. Idan aikinka na lissafi ne, ajiye manhajar da ka rubuta a GitHub, dandalin ajiye manhajoji a intanet, inda za a iya dubawa hujja ce mai ƙarfi.

Sai batun shaidar digiri. Sanannen abu ne cewa takardar shaida ta asali takan yi jinkirin fitowa a jami'o'inmu, don haka wanda bai karɓi tasa ba ya nemi wasiƙa daga makarantar karatun gaba da digiri mai nuna ranar da ya kare kundinsa da ranar da majalisar jami'a ta amince da sakamakon. Wanda bai kai ga karewa ba yana iya nema idan tallan ya ba da dama, tare da wasiƙar mai duba shi da ke faɗin lokacin da ake sa ran kammalawa, amma ba za a fara aikin ba sai digirin ya tabbata. Masu takardun Faransanci daga Yamai ko Maraɗi ko Ngaoundéré su nemi fassarar Turanci daga mai fassara da hukuma ta amince da shi, su haɗa da asalin.

Akwai wata matsala da ta fi shafar masu sunaye irin namu. Mutum ɗaya zai kasance Muhammad a fasfo, Mohammed a shaidar digiri na biyu, Muhammed a maƙalolinsa, a wata takardar kuma an ƙara sunan garinsu a matsayin sunan ƙarshe. Jami'a tana iya kau da kai, amma hukumar shige da fice ba ta yi. Ka daidaita wannan tun yanzu da takardar rantsuwa daga kotu, ka kuma riƙe rubutun da ke fasfo a duk abin da za ka cike nan gaba.

Ranar rufewa tana ƙarewa ne da ƙarfe 23:59 agogon Danmak, kuma abin da ya zo bayan haka ba a duba shi. Daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris agogonsu ɗaya ne da na Najeriya da Nijar, amma daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba suna gaba da awa ɗaya, wato ƙarfe 22:59 a Zariya ƙofa ta riga ta rufe. Da yake wuta da intanet ba su da tabbas, ka miƙa kwana biyu kafin ranar, ka kuma ajiye saƙon da ke tabbatar da an karɓa.

Tantancewa da ganawa

Bayan rufewa, masana da aka naɗa za su duba takardun su fitar da waɗanda suka cancanta, sannan a gayyaci kaɗan daga ciki zuwa ganawa. Wannan yakan ɗauki makonni, wani lokaci wata biyu, kuma shiru a wannan tsakani ba alamar komai ba ne. Jami'ar takan bayyana a tallanta cewa tana iya binciken bayanan mai nema da ke fili, saboda wasu fannonin suna ƙarƙashin dokokin tsaro da na hana fitar da fasaha mai haɗari. Amsar wannan ita ce ka rubuta duk inda ka yi karatu ko aiki da duk wanda ya ɗauki nauyinka ba tare da ɓoye komai ba.

Ganawar farko galibi ta bidiyo ce, ta Teams ko Zoom, kuma akan nemi ka gabatar da aikinka cikin minti goma zuwa goma sha biyar. Kada ka kwashe kundin digiri gaba ɗaya ka zuba. Ka zaɓi matsala ɗaya, ka nuna yadda ka tunkare ta, da abin da ya ƙi yi, da yadda ka gyara, sannan ka haɗa ta da aikinsu. Ka gwada da agogo a gaban abokin aiki, ka tanadi layin intanet na biyu da wutar da ba za ta ɗauke ba. Za a yi maka tambayoyi masu zurfi a kan abin da kai da kanka ka yi a cikin maƙalar da ke da marubuta shida, kuma idan aka zo inda ba ka sani ba, faɗin haka tare da bayanin yadda za ka binciko ya fi kewaye-kewaye daraja a wurinsu. Mutanen Danmak suna kiran farfesa da sunansa na yanka, suna kuma sa ran ƙaramin ma'aikaci ya ce bai yarda ba idan yana da hujja. Wanda ya taso a inda ba a musu da malami zai ji nauyin wannan, amma sunkuyar da kai da amsa kowace magana da to yakan sa su ɗauka ba ka da ra'ayin kanka.

Kai ma ka yi tambaya: me ake so a gani a ƙarshen shekarar farko, ko akwai koyarwa a cikin aikin da yawanta, ko akwai kuɗin zuwa taruka, da kuma inda waɗanda suka riƙe irin wannan gurbi a ƙungiyar suka tafi daga baya. Masu ba da shaidarka kuma ka sanar da su tun da wuri, ka aika musu tallan, domin farfesan da ba ya buɗe imel sai bayan mako uku yana iya jawo maka asarar gurbi.

Albashi, haraji da sallama daga gida

Albashin yana bin yarjejeniyar da ƙungiyar ma'aikata masu digiri ta ƙasar ta ƙulla da gwamnati, don haka ba a cinikin tushensa. Ƙarin da ake iya samu saboda ƙwarewa wakilin ƙungiyar ma'aikata ne yake tattauna shi a madadinka. Aikin awa 37 ne a mako, da hutun mako shida a shekara idan an haɗa da na musamman. Albashin yana haura krona 30,000 a wata kafin haraji, ban da kuɗin fansho da ya ɗara kashi 17 cikin 100, kuma yuro ɗaya yana daidai da kusan krona 7.46 domin an ɗaure kuɗin ƙasar da yuro. Masu bincike da suka zo daga waje suna iya shiga wani tsarin haraji na musamman, inda ake cire kashi 32.84 cikin 100 gaba ɗaya har tsawon shekara bakwai, muddin mutum bai kasance mai biyan haraji a ƙasar ba cikin shekara goma da suka wuce. Ka tambayi ofishin ma'aikata game da wannan, da kuma damar da baƙi masu kwantiragin wa'adi suke da ita ta karɓar kuɗin fansho tare da albashi, kafin ka sa hannu. Kada ka juya adadin zuwa naira ko sefa ka yi murna tukuna, sai ka cire kuɗin haya.

Malamin da yake aiki a jami'a ko kwalejin fasaha a gida yana da wani mataki da bai kamata ya tsallake ba. Idan TETFund ko PTDF, asusun gwamnatin Najeriya masu ba da tallafin karatu, ko jami'arka ce ta ɗauki nauyin digirinka, akwai yarjejeniyar dawowa aiki da ka sa wa hannu, kuma akwai waɗanda suka tsaya maka. Ka karanta ta, ka nemi hutun bincike ko hutun da ba albashi a rubuce ta hannun shugaban sashe da shugaban tsangaya, ka kuma fara da wuri domin kwamitocin da suke amincewa ba kullum suke zama ba. Ranar fara aiki a DTU ana iya tattauna ta, kuma neman a ɗaga da wata biyu saboda sallama ta mutunci abu ne da suke fahimta. Tafiya a ɓoye tana jefa masu tsaya maka cikin matsala, tana kuma rufe ƙofar haɗin gwiwa tsakanin sashenka da nasu, wadda tana cikin manyan ribar tafiyar.

Izinin zama da sauka

Izinin zama da aiki yana fitowa ne daga hukumar SIRI, mai kula da izinin baƙin ma'aikata a Danmak, kuma ana cike takardun a shafin nyidanmark.dk. Ofishin ma'aikata na jami'ar zai gaya maka tsarin da za a bi, galibi na masu bincike ko na gaggawa, ya kuma cike nasa ɓangaren. Za ka buɗe lambar buƙatarka a shafin, ka biya kuɗin nema, sannan a ɗauki hotonka da zanen yatsunka cikin kwana 14 da miƙawa a wurin da ofishin jakadancin Danmak ya tanada, don haka ka duba samun layi kafin ka danna miƙawa. Wa'adin izinin dole ya ƙare aƙalla wata uku kafin ƙarewar fasfo, ke nan mai fasfon da ya rage shekara ɗaya ya sabunta shi tukuna. Mata ko miji da 'ya'yan da ba su kai shekara 18 ba suna iya samun izinin rakiya, kuma abokin zama yana da damar yin aiki. Dokar ƙasar mace ɗaya ta sani, kuma za a nemi takardar aure da ta haihuwa ta hukuma, saboda haka wanda aurensa bai da rajista ya fara da wannan.

Gida shi ne abu mafi wuya a yankin Kwapanhagan. Doka ta yarda mai gida ya karɓi ajiyar wata uku da kuɗin haya na gaba har wata uku, ban da na watan farko, alhali albashinka na farko sai ƙarshen wata zai shigo, don haka ka zo da guzuri mai kauri. Ka nemi taimakon ofishin jami'ar da ke kula da baƙin ma'aikata tun ranar da ka karɓi tayi, kada ka tura wa kowa kuɗi a kan gidan da ba a gani ba, kuma ka tabbatar za a iya yin rajistar adireshin, domin da shi ne ake samun lambar CPR, wato lambar rajistar mazauna ƙasar. Wannan lamba ita ce mabuɗin katin lafiya mai ruwan ɗorawa, da asusun banki, da MitID da ake shiga duk harkokin hukuma da shi. Akwai masallatai da shagunan naman halal a unguwar Nørrebro, kuma jirgin ƙasa na cikin gari yana zuwa Lyngby, ko da yake ma'aikata da yawa keke suke hawa. A Disamba hasken rana kimanin awa bakwai ne kawai, a Yuni kuma yana haura awa goma sha bakwai, abin da yake shafar lokutan salla da azumi da kuma barcin yara.

Idan babu tallan da ya dace da kai

Akwai hanya ta biyu, wato ka zo da kuɗinka. Shirin Marie Skłodowska-Curie na Tarayyar Turai yana ba masu digirin digirgir daga kowace ƙasa tallafin wata 12 zuwa 24 don su yi binciken da suka tsara da kansu a wata jami'ar Turai. Sharuɗɗansa su ne digirin ya kasance a hannu ranar rufewa, kada shekarun bincike bayan digirin su wuce takwas, ban da lokacin da aka ɗauka na haihuwa ko na aikin da ba bincike ba, kuma kada mutum ya zauna a ƙasar da zai je fiye da wata 12 cikin wata 36 da suka gabata. Ana rufewa a watan Satumba, kuma ana raba makin gida uku: kashi 50 ga ingancin binciken, 30 ga tasirinsa, 20 ga tsarin aiwatarwa. Ba a nema sai da farfesan da ya yarda ya karɓe ka, kuma da shi za ku rubuta tsarin binciken mai shafi goma da ake dubawa, shi ya sa ya kamata ka tuntuɓe shi tun Maris ko Afrilu da taƙaitaccen bayani na shafi ɗaya da ke nuna tambayar binciken, da abin da za ka kawo wa ƙungiyarsa, da abin da kake so ka koya a wurinsu. Gasar tana da zafi ƙwarai, sakamako kuma yakan fito ne wajen Fabrairu, don haka ka ci gaba da duba tallace-tallacen gurabe a watannin da kake jira.